Ƙoƙo Biyu a Ƙarƙashin Gadon Malam

Ranar da aka kai Malam makwancinsa, ni aka ɗora wa aikin takalma. Malam kakana ne, mahaifin babana. Duk Rano da ƙauyukanta Malamin Dabbobi ake ce masa, ko da yake ya ajiye aikin tun kafin a haife ni. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ce ta ce, "Ke da ba kya magana, tsaya bakin ƙofa ki riƙa jera wa mutane takalmansu." Na tsaya. A wurin nan ana jin maganar zaure, ana jin ta cikin gida, kuma ba mai rage murya don yarinyar da ta sunkuya a kan silifa.

Da ƙarfi, magana ɗaya kowa yake yi: Allah ya jiƙan Malam, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. A ƙasa-ƙasa kuwa, kowa da tasa. Wani ya ce ya ji allurar shanu ta taɓa sokar Malam a yatsa, kuma abin da ya shiga jini ba ya fita. Wata maƙwabciyarmu ta ce basir ne aka bari ya yi ƙarfi. Wata ta ce magungunan Kano ne suka cinye masa hanji. Ta ukunsu ta gyara lulluɓi ta ce, "Ciwon da ya fi shekara goma asibiti bai raba shi da shi ba, ai ba na asibiti ba ne." Sauran suka ce, "Uhm," suka kalli juna.

Makiyaya sun zo daga Rurum da Dawaki da wajen Kibiya. Su ba su ce komai a kan ciwon ba. Sun jingine sandunansu a bango, suka zauna a bakin tabarma, suka yi addu'a, suka daɗe ba su tashi ba.

Da la'asar Inna mai nono ta iso. Rugarsu tana cikin gonar Malam ta hanyar Unguwar Gai, kuma tun ina goye take kawo masa kindirmo sau uku a mako. Ta cire takalmanta na roba tun daga nesa ta riƙe a hannu, ba ta bar min na jera ba. Ta sauke ƙwaryar nono ta ce sadaka ce. Aka karɓa, aka dama fura, kowa ya sha.

Washegari da hantsi aka buɗe turakar Malam. Tun ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti take kulle, kwana goma ke nan. Gwaggo ta shiga da tsintsiya, ita da mata biyu. Ba a jima ba muka ji salati. Ta fito riƙe da tire, a kai ƙoƙo biyu, kowanne rufe da ɗan faifai. Ɗaya an ɗaura masa jan zare a wuya, ɗayan ba komai. Abin da ke ciki ya yi baƙi, ya yi kore, ya tsattsage. Wari ya cika tsakar gida.

"A ƙarƙashin gadonsa," in ji Gwaggo. "Daidai saitin cikinsa."

Wata ta leƙa ta toshe hanci. "Wannan ai madara ce."

Maƙwabciyarmu ta juya ƙoƙon da tsinke, ta nuna zanen da aka ƙona a jikinsa. "Wannan zanen ba na gari ba ne. Na ruga ne."

Ba wadda ta kama suna, amma kowa ya san wa ake nufi. Ni kuwa na san wani abu da ba su sani ba. Jan zaren nan ni na ɗaura shi da hannuna. Na sunkuya na ci gaba da jera takalma, har waɗanda na riga na jera.

Ina rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake saurin mayar da mutum labarin mutuwarsa. Kafin sadakar uku an fara daina cewa Malamin Dabbobi, an koma cewa tsohon nan da aka yi wa sammu. Ba na son ƙannena su tashi da wannan sunan a bakinsu.

Malam mutum ne mai zargi, wannan gaskiya ne. Ba ya shan abu sai ya shinshina. Ba ya karɓar kwalba sai ya ɗaga ta ya kalle ta a hasken rana. Idan rediyo ta ce za a yi ruwa, ko mai tallan magani a kasuwa ya ce garinsa yana maganin cuta arba'in, amsarsa ɗaya ce: "Na ji. Mu gani." Ya taɓa tsayar da wani mai lasifika a tasha ya tambaye shi, "Kai ka sha?" Mutumin ya ce ya sha. Malam ya ce, "To sake sha a gabana, zan jira." Amma zarginsa a kan kaya yake tsayawa. Yana zargin kwalba, yana zargin ma'auni, yana zargin idonsa ma. Ban taɓa jin ya zauna yana zargin mutum ba.

Yana da akwatin ƙarfe da ya rage masa daga aiki, a ciki akwai wani ƙaton sirinji na gilashi. Duk Juma'a da safe sai ya sa an tafasa shi, ya goge, ya mayar, alhali shekara da shekaru bai tsira wa ko akuya allura ba. Duk jikokinsa mata amarensa ne a wasa, ni kaɗai ya ce ya sake ni ya ɗauke ni aiki. Ya ce amaryar da ba ta magana asara ce, amma magatakardar da ba ta magana ba a samunta ko a Kano. Daga nan Magatakarda ya bi ni, har malamanmu a makaranta suka ɗauka.

Zaman rugar su Inna a gonarsa daga faɗa ya samo asali. Na ji labarin a bakin Malam, na ji a bakin Inna, kuma ba su taɓa faɗarsa iri ɗaya ba. Lokacin Inna tana budurwa, an zo yi wa shanu rigakafin ciwon saifa, sai mahaifinta ya kora garkensa bayan duwatsu ya ɓoye, don an ce allurar tana hana haihuwa. Da damina ta faɗi, saniyarsa mafi kyau ta zube, baƙin jini yana fita ta hancinta. Aka yi maza aka kira mahauci a yanka kafin ta zama mushe. Malam ya iso a kan keke, ya tarar an riga an ɗaure ƙafafu. Ya shiga tsakanin wuƙa da saniya ya ce, "Ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba mai taɓa fatar."

Mahaifin Inna ya ce, "Saniyata ce ko taka?"

"Taka ce. Amma ƙasar da jinin zai zuba ta kowa ce."

Malam ya ce tsohon ɗaga sanda kawai ya yi. Inna ta ce ƙarya yake don kara, sandar ta sauka a kafaɗarsa, da kunnenta ta ji ƙarar. Ko ma yaya ne, ba a yanka ba. Aka haƙa rami mai zurfi, aka binne ta da toka, aka kewaye wurin da ƙaya. Shekara biyu tsohon ba ya amsa sallamar Malam.

Da lokacin rigakafi ya sake zagayowa, Malam ya jawo karsanarsa ta gida, ya tsira mata allurar a gaban makiyaya, ya ce duk mai so ya zo ya gan ta baɗi da ɗanta. Da ta haihu sai ya aika da ita rugar tsohon ya ce a riƙe masa kiwo. Bai taɓa tambayar ta ba, bai taɓa tambayar 'ya'yanta ba. Daga baya ya ce su dawo gonarsa su zauna, shi taki yake so. Tsohon ya rasu a gonar, 'ya'yansa suka ci gaba da zama.

A kan wannan ramin Malam ya fara ba ni labarin mai-barci. Haka yake kiranta. Ya ce akwai ƙwayar cutar da idan duniya ta yi mata zafi sai ta shige ɓawo ta kwanta. Rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta. Sai ta yi shekaru a cikin ƙasa, ranar da ta samu laima da jiki sai ta farka. Ya ce allurar saifa ma da mai-barcin ake yin ta, amma wadda aka cire wa haƙora. Da malamin bayoloji ya zo kan darasin ya faɗi sunanta da Turanci, ni na riga na san ta.

Ciwon Malam, likitarsa ta Kano ta ce kumburin hanji ne mai gyambo. Ba tsutsa ba ce, ba a ɗaukarsa a wurin wani, yana lafawa yana tashi. Bai cika maganarsa ba, amma mai lura zai gani. Butarsa ba ta nisa da shi. Mutumin da ya saba sahun farko ya koma ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Ba ya zuwa ɗaurin aure sai ya san gidan. Idan ciwon ya tashi, hularsa sai ta yi masa yawa.

Likitar ta ce ya riƙa rubuta abin da ya ci da abin da ya biyo baya. Hannunsa yana rawa, don haka ni nake rubutawa a wani littafi idan na dawo daga makaranta. Don kada in ji kunya sai ya riƙa faɗa min da maganar damina. "Rubuta, Magatakarda. Tuwon dawa miyar kuka, gari ya yi garau. Wake da manja, hadari da tsawa, ruwa sau biyar." Idan ya ga jini sai ya ce in rubuta jan gajimare. A ƙasan kowane shafi yakan karɓi biro ya sa hannu da kansa, a karkace, kamar yadda ya saba a takardun aiki.

Gwaggo ce mai hidimar ciwon. A Kano take aure, ita take kai shi wurin likita, ita take bin layi, ita take hawo mota da magani a jaka. Bara da ta kai shi, likitar ta ƙara masa wasu sababbin kafso a kan na da. Malam ya dawo daga wannan zuwan yana murna kamar yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya ce likitar ta gaya masa a cikin kafson akwai ƙwayoyi marasa cutarwa da suke barci a ɓawo, suna wuce ciki lafiya sai sun isa hanji su farka. Ta ce masu bincike suna ta aiki a kan irinsu, wasu suna neman su kwantar da kumburin hanji da su, wasu suna neman su yi rigakafin da za a haɗiya ba sai an tsira allura ba. Ta ce ba a gama sani ba tukuna, kuma kada ya kuskura ya bar tsohon maganinsa.

"Kin ji likita," in ji Malam. "Ta ce ba a gama sani ba. Tunda nake zuwa asibiti ban ji magana mai daɗin wannan ba." Ya juya kwalin a hannunsa. "Shekara talatin ina tsira wa shanu 'yan uwanku, yau an ce in haɗiye ku. Da a zamanina aka yi rigakafin haɗiya, ai a kanwa zan zuba wa shanu su lashe. Ba mai ɓoye min garke a bayan dutse, ba mai dukana."

Na ce, "Ka ce ɗagawa kawai ya yi."

"Rubutu aka ɗauke ki, ba shari'a ba."

Laifin abin da ya biyo baya, nawa ne rabi. Wata rana Gwaggo ta kawo sabon kwali, ta ce a wani kemis ta samu don na kusa da asibiti ya ƙare. Bayan ta tafi na ajiye shi kusa da tsohon, sai na ga shuɗin rubutun bai kai na wancan turuwa ba. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma na nuna masa. Ya ɗaga su biyun a hasken taga ya daɗe yana kallo.

"Jabu ya yi yawa a duniya," ya ce. "In mai-barci ce a ciki, sai ta farka in ta samu abinci. In garin rogo ne, ba abin da zai farka."

Ya ce wa Inna ta riƙa haɗo masa da 'yar madara sabuwar tatsa, ta kuma bar masa ƙoƙo biyu daga cikin nata. Ba ta tambayi dalili ba. Ni na wanke su da sabulu, ni na tafasa madarar a kan risho na bari ta huce. Malam ya auna da sirinjinsa, goma a nan, goma a nan. Ya buɗe kafso ɗaya ya zazzage garin a ƙoƙo ɗaya, na ɗaura wa wannan jan zare daga kayan ɗinkina na makaranta don kada mu rikita. Muka tura su ƙarƙashin gado, na rubuta a littafin, ya sa hannu. A tunaninsa, in ƙwayar tana da rai, mai zaren za ta riga ɗayar kamawa.

Washegari duka biyun sun kama, kamar tagwaye. Muka sake da tsohon kwalin. Duka biyun suka kama. Muka sake da sabon. Haka dai.

Malam ya zauna bakin gado yana shafa gemu. "Ko dai gawa nake haɗiya tun farko, ko kuwa ban iya tambayar ba." Sannan ya dube ni. "Magatakarda, kada gwaggonki ta ji. Ita take shan rana a kan maganin nan. In ta ji ina gwada shi a ƙoƙo za ta ce hidimarta nake zargi. Amana ce."

Na huɗu mun zuba ranar Litinin. Talata ina makaranta jini ya ɓalle masa, aka ɗauke shi. Baffa, yayan babana, ya sa kwaɗo a ƙofar turakar ya tafi da makullin. Malam bai dawo ba.

Ranar sadakar uku Inna ta sake zuwa da ƙwarya a ka. Ta yi sallama sau biyu ba wadda ta amsa. Gwaggo ta fito ta tare ta a bakin ƙofa, daidai inda nake tsaye.

"Ki koma da kayanki."

"Hajiya, sadaka ce."

"Mun ga sadakar da kika ajiye masa a ƙarƙashin gado. Ki koma, tun ina ganin girman furfurarki."

Inna ba ta gane ba. Ta kalli Gwaggo, ta kalli matan da suka leƙo, sannan ta kalle ni, don ni ce mai karɓar ƙwarya a hannunta kullum. Na kalli ƙasa. Na ga yatsun ƙafarta sun yi fari da tafiya. Ta juya ta tafi, ƙwaryar ba ta ko girgiza ba.

A zaure kuwa Baffa ya tayar da tsohon labarin sanda. Ya ce ƙiyayya ce ta gado, uba ya fara, 'ya ta ƙarasa. Ya ce ana yin addu'ar bakwai zai je wurin mai unguwa, su Inna su tashi daga gonar kafin wata ya mutu. Babana ya ce a bi a hankali. Baffa ya ce a hankalin ne ya kai mu ga makara. Kafin kwana biyu maganar ta isa kasuwa, aka ce matan gari sun daina tsayawa a gaban ƙwaryar Inna.

A makon nan ni ma na koyi zargin mutum. Na tuna da rani na ga Baffa yana taka gonar nan yana ƙirga taku, yana maganar rijiyar burtsatse da albasa, Malam ya ce masa, "Akwai mutane a kai." Sai na riƙa kallonsa idan yana magana, ina neman gaskiya ko ƙarya a fuskarsa. Ban samu ba. An ce a maƙabarta shi ya fi kowa kuka, sai da aka riƙe shi. Har yau ban san wanne ne ya fi yawa a zuciyarsa ba, uban ko gonar.

Na yi ƙoƙarin gaya wa Umma. Na ce, "Umma, ƙoƙon nan..." Ta ce, "Maganar manya ce, kada in sake jin bakinki a ciki." Na ji daɗin hanin, kuma na ji kunyar jin daɗin. Ina tsoron Gwaggo. Ina tsoron a ce kafso huɗun da muka zubar su ne da sun tsayar da jinin. Kuma Malam ya ce amana ce. Amma duk sanda na rufe ido, rugar nake gani ana kwance ta, da yaran da suke rako Inna bakin hanya.

Ana gobe bakwai, da safe, Gwaggo tana turakar ita kaɗai tana ninke rigunansa na rabo. Na ɗauko littafin daga jakar makarantata na shiga. Na durƙusa. Na buɗe shafin na miƙa mata.

Ta karanta a hankali, da ƙarfi. "Litinin. Mai zare, madara sirinji goma da garin kafso ɗaya, sabon kwali. Marar zare, madara sirinji goma, ba komai." Ta ɗago. "Mene ne wannan?"

"Gwaji ne, Gwaggo. Ni da Malam ne. Inna ba ta sani ba."

"Gwajin me?"

"Ko maganin yana da rai."

"Maganin da nake kawowa?"

"Ya ce ba ke yake zargi ba. Kwalin ne. Ya ce kada ki ji, za ki ji ciwo."

Ta zauna a bakin gadon, rigar da take ninkewa tana kan cinyarta. Ta buɗe shafukan baya tana karantawa, hadari da tsawa, gari ya yi garau, jan gajimare, jan gajimare. Na ɗauka za ta mare ni. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

"Kwana biyar," ta ce. "Kina tsaye kina kallona ina ci wa baiwar Allah mutunci a bakin ƙofar ubana. Ke wace irin yarinya ce?"

Ta miƙe ta yafa mayafi ta ce, "Taso."

A zaure akwai Baffa da babana da wasu dattawa, cikinsu har da wani tsoho da suka yi aikin dabbobi tare da Malam. Gwaggo ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce in faɗi abin da na faɗa mata. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba. Sau biyu ana cewa in ɗaga murya. Na faɗa dai, tun daga shuɗin kwali har zuwa jan zare.

Baffa ya karɓi littafin ya juya shi. "Rubutun yarinya ne. Wa ya san yaushe ta rubuta? Wa ya san wanda ya sa ta? Matar nan ai kullum tana ba ta kindirmo a ludayi."

Tsohon abokin aikin Malam ya miƙo hannu. Ya kai shafin kusa da idonsa, ya sa yatsa a ƙasa. "Wannan hannunsa ne. Haka yake sa wa takardar garke, da wutsiyar nan a ƙarshe. Kuma wannan aikin, wallahi ko ba hannu na san nasa ne. Wa zai auna sammu da sirinji?"

Wani ya yi dariya, ya tuna makoki ake, ya mayar da ita tari.

Baffa ya ajiye littafin. "To, ko ma haka ne. Gona dai yanzu ta magada ce, kuma zaman ya isa."

"Ni ma magajiya ce, Yaya," in ji Gwaggo. "In an zo rabo, a ba ni nawa daidai inda rugar take."

Babana ya ce, "A haɗa da nawa."

Baffa ya ɗauki carbinsa.

Washegarin bakwai muka tafi, ni da Gwaggo da babana. Mun sauka a bakin titi muka ƙarasa da ƙafa. Tun daga nesa na ga an riga an yaye bukka biyu, an naɗe tabarmi, an ɗaure ƙore a raga an ɗora wa jaki. Ba su jira mai unguwa ba.

Inna tana zaune a gindin wata ɗorawa. Ta amsa sallama, ba ta ba mu tabarma ba. Gwaggo ta durƙusa a ƙasa da lesinta, ta ce, "Na zalunce ki. Ki yafe min don Allah." Ta ce in yi bayani. Na sake faɗa, wannan karon muryata ta fi fita. Inna tana saurare, fuskarta ba ta motsa ba, har na zo inda duka biyun suke kamawa tare.

Sai ta ɗaga hannu. "Tsaya, ɓingel, 'yar yarinya. A ƙoƙona kuka zuba? Waɗanda nake zuba kindirmo?"

"Eh, Inna. Amma na wanke da sabulu."

"Da sabulu!" Ta dubi wata ƙanwarta ta faɗi wani abu da Fillanci, su biyun suka kwashe da dariya. "Ƙoƙon da ya shekara yana cin nono, ko sau goma kika wanke shi, nonon yana cikin naman ƙoƙon. Duk madarar da ta kwana a ciki sai ta kama, ki zuba gari ko kada ki zuba. Wannan ai ko jikata ta sani. Wayyo Malam! Ya koya mana saniya, ya koya mana ƙasa, bai tambaye ni ƙoƙo ba. Sau uku a mako ina durƙushe a gabansa!"

Tana dariyar har ta koma kuka, ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Gwaggo ma ta fara. Ni kuwa ina tunanin yadda ya zauna bakin gado yana shafa gemu, yana cewa ko bai iya tambayar ba. Ashe rabin maganarsa na biyu ne daidai, kuma mai amsar tana bakin ƙofarsa.

Gwaggo ta share ido ta ce, "To maganin fa? Na gaske ne ko jabu?"

"Wannan kuma ba a ruga ake sani ba, Hajiya."

Gwaggo ta ce za ta mayar wa likitar sauran kwalin da littafin, ita ta san inda ake dubawa.

Inna ta daɗe tana kallon jakin. Babana ya ce, "Ku zauna. Wurin nan yanzu namu ne ni da ita, kuma ba mai tashin ku."

Inna ta ce, "Gona za mu zauna, don shi ya zaunar da mu, kuma ubana a nan yake kwance. Ƙofar gidanku kuwa, Hajiya, na yafe miki, amma ƙafata ba ta yarda ba tukuna. Kada ki aiko."

Gwaggo ta ce, "Ba zan aiko ba."

Inna ta juya ta ɗaga murya ta yi wa mazan magana. Suka tsaya jim, sannan ɗaya ya kama igiya ya fara kwance kaya daga bayan jakin.

Ya Allah, bawanka ne da ya sha ciwo bai zargi kowa ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa cikin da ya daɗe yana ƙuna, ka yafe masa, ka yafe mana abin da muka yi a kan tabarmar makokinsa. Amin.